Ladabin Muridi A Cikin Jirgin Sama Da Haƙƙin Abokin Zama Na Gefe

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya hore wa bayinsa abin hawa a tudu da ruwa da sararin sama. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Shugaba Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, hawa jirgin sama a yau ya daina zama na manyan ma'aikata da attajirai kaɗai. Ƴan'uwa daga Maraɗi da Tawa da Damagaram suna bin doguwar hanyar mota har Yamai, su tashi daga filin jirgin Diori Hamani. Wani Hajji za shi, wani Umra, wani ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) a Fas, wani Maulidin Kaulaha, wani kuma karatu ko fatauci. Mafi yawansu ba sa barin gida sai sun tambayi malami hukuncin harami da ɗawafi da ladabin sallama a gaban kabari mai daraja. Amma da wuya a ji wanda ya tambayi hukuncin awowin da zai yi a kan kujera, kafaɗarsa na gugar kafaɗar wanda bai sani ba. A waɗannan awowin ne sau da yawa ake zubar da abin da aka fito nema.

Tafiya mai tona hali ce

Imamu Gazali ya ware babi guda a cikin Ihya'u a kan ladubban tafiya, kuma a can ya kawo cewa an kira tafiya da sunanta na Larabci ne saboda tana yaye lulluɓin halayen mutane. An ruwaito kuma cewa wani ya zo yana yabon wani mutum a gaban Sayyidina Umar (RA), sai ya tambaye shi ko ya taɓa yin tafiya tare da shi. Da ya ce a'a, sai Sayyidina Umar ya nuna masa cewa bai san shi ba tukuna.

Dalilin a fili yake. A gida mutum yana da shimfiɗarsa, da lokacin abincinsa, da yaran da ke kawo masa ruwan alwala, da jama'ar da ta san matsayinsa. Nafsu tana kwance lafiya domin babu abin da ya taɓa ta. Da an ɗauke waɗannan, aka ba shi lamba kamar kowa, aka tsayar da shi a layi bayan yaro sa'an ɗansa, sai abin da ke ƙasan tukunya ya taso. Muridin da ke son sanin inda tarbiyyarsa ta kai ba ya bukatar mafarki ko ishara. Ya duba yadda zuciyarsa take a lokacin da na gabansa ya kwantar da kujera a kan gwiwarsa.

Hadisin Bukhari da Muslim ya siffanta tafiya da cewa wani yanki ce na azaba, saboda tana hana mutum cinsa da shansa da barcinsa. Wannan bai canja ba don abin hawa ya canja. Kakanni sun bi ta Chadi da Darfur har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, wasu a kan raƙumi wasu a ƙafa, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri, tafiyar ta ci shekaru, har da yawa suka zauna a Sudan ba su dawo ba. Yau tsakanin Yamai da Jidda, kimanin kilomita 4000, ana cinye shi a awa biyar zuwa shida. Allah ya taƙaita wahalar, amma ya bar ɗan abin da za a gwada bawa da shi. Wanda ya kasa ɗaukar na awa shida ya tuna da waɗanda suka ɗauki na shekara shida.

Wanda ke kujerar gefe maƙwabci ne

A aya ta 36 ta Suratun Nisa'i, bayan umurni da bauta wa Allah shi kaɗai, an jero waɗanda za a kyautata musu: iyaye, dangi, marayu, miskinai, maƙwabci na kusa da na nesa, sannan abokin zama na gefe. Da yawa daga malaman tafsiri sun fassara wannan na ƙarshe da abokin tafiya. Ke nan mutumin da na'urar kamfanin jirgi ta haɗa muridi da shi yana da haƙƙi a kansa da nassin Alƙur'ani, ko Musulmi ne ko ba Musulmi ba, ko ɗan ɗariƙa ne ko mai inkari, ko yana da ladabi ko ba shi da shi. Ma'abota ma'arifa kuwa ba sa ganin wannan haɗuwa a matsayin katari. Wanda ya raba arziki shi ya raba kujerun.

Malaman tasawwufi suna tattara kyakkyawan hali a kan matakai uku: kame cutarwa daga mutane, jure cutarwarsu, da yi musu hidima. Duka ukun suna da wurinsu a cikin jirgi. Sai dai kafin su akwai shiri, domin rabin faɗan da ake yi a tafiya gajiya da yunwa da ƙishirwa ne ke haddasa shi.

Shirin da ke sauƙaƙa haƙuri

Jiki abin hawan ruhi ne, kuma riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Wanda ya taso daga Damagaram ya yi kusan kilomita 900 a mota, idan ya zarce filin jirgi bai runtsa ba, ya shiga jarrabawa da ƙarfinsa a ƙarshe. In da hali ya isa Yamai da kwana guda a gaba, ya yi barci, ya je filin jirgi da wuri. Mai gaggawa shi ke ture mutane.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, danshinta yakan yi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari, kamar tsakiyar hunturu. Shi ya sa maƙogwaro ke bushewa, kai ya yi nauyi. Wasu dattawa suna ƙin shan ruwa don gudun zagayawa ko don riƙe alwala, wannan kuwa cutar da kai ne. A sha ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai. Wanda ya san yana yawan zagayawa ya nemi kujerar bakin hanya tun wajen karɓar katin shiga jirgi, ya huta, ya hutar da na kusa da shi.

Dogon zama wuri ɗaya, musamman abin da ya haura awa huɗu, yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Haɗarin ya fi yawa ga dattawa da masu juna biyu da masu ƙiba da wanda aka yi wa aiki kwanan nan. Maganinsa motsa sawu da yatsun ƙafa a zaune, da tashi a ɗan taka idan an kashe alamar ɗaura ɗamara. Mai irin wannan lalura ya ga likita kafin tafiya. Toshewar kunne a lokacin tashi da sauka kuwa daga canjin matsin iska ne, haɗiyar yawu ko hamma ko taunar cingam tana buɗe shi.

Jirgi yana da sanyi, don haka mayafi ko rigar sanyi da safa su kasance a kusa. Maganin hawan jini da na ciwon sukari su zauna a jakar hannu, domin babbar jaka tana iya makara. Batirin ajiye caji shi ma a jakar hannu ake barinsa. Turare da duk abu mai ruwa, idan kwalbarsa ta wuce mililita 100, a babbar jaka ake sa shi, in ba haka ba a karɓe shi wajen bincike, mutum ya shiga jirgi da ɓacin rai. Alwala a yi ta a ƙasa kafin a kira shiga. Mai zuwa Jidda kai tsaye ya ɗaura tufafin haraminsa tun a ƙasa, ya bar niyya sai an kusa daidai da miƙati, domin canja tufafi a ɗan ƙaramin makewayin jirgi wahala ce gare shi da masu jiransa.

Mataki na farko: kada shi ne ya zama fitinar

Laifi tudu ne, mutum yakan taka nasa ya hango na wani. Duk wanda ya sauka daga jirgi yana ba da labarin fasinjan da ya dame shi, amma ba a taɓa jin wanda ya ce shi ne ya dami mutane. Muridi ya fara da kansa.

Kujerar da aka rubuta masa ita ce tasa. Annabi (SAW) ya hana a tayar da mutum daga mazauninsa a zauna a wurin, kuma girman rawani ko yawan shekaru ba ya halatta a zauna bakin taga a wurin wani a bar shi da kunyar magana. In yana son canji ya roƙa, in an hana shi ya karɓa da sakin fuska. Ma'ajiyar kaya ta sama ta mutane da yawa ce, wanda ya cika ta da ƙunshinsa ya ci rabon wasu. Wanda ke kujerar tsakiya ba shi da taga ba shi da hanya, adalci shi ne a bar masa madogaran hannu. Kwantar da kujera halal ne, amma a waiga a duba na baya tukuna, a yi a hankali, a kuma ɗaga ta lokacin cin abinci.

Sai wari. Shari'ar da ta ce wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ko albasa ya nisanci masallaci ta nuna cewa cutar da hancin mutane cutarwa ce. A ɗaki rufaffe da babu tagar buɗewa, abinci mai ƙarfin ƙamshi da takalmin da aka cire bayan yinin tafiya suna isa kujeru da yawa. Har turare mai kyau, idan ya yi yawa, yana tayar wa mai asma ciwonsa.

Makewayi shi ne inda aka fi jin kunya. Ɗan ɗaki ne da ɗaruruwan mutane ke jira, ba a gina shi don kwarara ruwa a ƙasa ba. Wanda alwalarsa ta warware ya sani cewa wanke kowace gaɓa sau ɗaya ya isar, kuma Annabi (SAW) da mudu guda na ruwa yake alwala. Ya taƙaita, ya goge wurin da takarda kafin ya fito. Wanda ya bar tabki a bayansa ya sami tsarkin gaɓoɓi, ya kuma ɗauki alhakin tsohuwar da za ta zame, da na baƙon da zai ce haka masu salla suke.

Sai murya. Abu Musal Ash'ari (RA) ya ruwaito cewa suna cikin tafiya tare da Annabi (SAW), sahabbai suna ɗaga murya da kabbara, sai ya umurce su su sassauta wa kansu, ya tunatar da su cewa wanda suke kira Mai ji ne, Makusanci. Zikirin bayyane yana da muhallinsa a zawiya da da'irar wazifa, inda kowa don shi ya zo. A jirgi akwai mara lafiya da mai barci da jaririn da aka sha wuya kafin ya yi shiru. Lazimi dama a asirce ake yinsa, kuma lokacinsa yana da faɗi. Ƙasida da karatu a waya a saurare su da abin sawa a kunne. Game da wazifa, sananne ne cewa inda sharuɗɗan Jauharatul Kamali ba su cika ba ana karanta Salatul Fatihi 20 a madadinta. Wannan da hukuncin salla a cikin jirgi, muridi ya warware su da muƙaddaminsa tun a gida, ya kuma tuna cewa agogon Saudiyya yana gaban na Nijar da awa biyu, mai tafiya gabas lokutan salla suna riskarsa da sauri. Abin da bai dace ba shi ne tare hanyar da ma'aikata ke bi, ko jayayya da su da sunan addini.

Mataki na biyu: jure abin da ya zo daga wasu

Ko muridi ya kiyaye duk wannan, zai haɗu da wanda bai kiyaye ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Abu na farko shi ne ya rarrabe tsakanin rashin sani da mugunta. Mafi yawan abin da ke ɓata rai a jirgin alhazai daga mutanen da ba su taɓa hawa ba ne. Tsohon da ya zauna a kujerar wani bai iya karanta lambar ba. Wadda ta riƙe kujerar gabanta da ƙarfi tsoro ne ya kama ta. Lokacin da wani balaraben ƙauye ya yi fitsari a masallacin Madina, sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) ya hana su, ya sa aka zuba ruwa a wurin, sannan ya koya masa da taushi. Idan haka aka yi da masallaci, kujerar haya ta awa shida ba ta kai a tozarta dattijo a kanta ba.

Kukan jariri shi ne abin da matafiya suka fi ƙorafi a kai. Jariri ba ya iya buɗe kunnensa da gangan, zafin matsin iska ne ke sa shi kuka, kuma duk jirgin babu wanda ya kai uwarsa damuwa. Annabi (SAW) yakan shiga salla da nufin tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro ya taƙaita don tausayin uwar. Harara da tsaki ba su taɓa sa yaro ya yi shiru ba. Abin da ke taimakawa shi ne wata ƴar'uwa ta gaya wa uwar ta shayar da shi lokacin tashi da sauka, domin haɗiya tana buɗe masa kunne.

Akwai kuma wanda ya sani sarai amma bai damu ba: mai magana da ƙarfi, mai shimfiɗa ƙafa har wurin maƙwabcinsa, mai tsallake layi. Haƙuri a nan ba ya hana magana. Abin da yake hanawa shi ne magana da fushi. A fara da sallama tun lokacin zama, domin wanda aka gaisa da shi yana jin nauyin cutarwa. In abu ya faru a yi magana ƙasa-ƙasa, yadda na uku ba zai ji ba: "Baba, don Allah ku ɗan ɗaga kujerar har a gama cin abinci." Ko kuma: "Hajiya, a yi haƙuri, yaron yana bugun bayan kujerata." Nasiha a gaban jama'a tozarci ce, kuma wanda aka kunyata ba ya gyarawa, kare kansa yake yi. In an faɗa sau ɗaya ko sau biyu bai ji ba, a danna maɓallin kiran ma'aikatan jirgi, aikinsu ne kuma suna da ikon da fasinja ba shi da shi. Ɗaukar hoton mutum ko bidiyonsa a watsa a WhatsApp da Facebook kuwa giba ce da ke ci gaba da rubutuwa bayan an manta da tafiyar.

Idan fushi ya taso, Sunna ta koyar da neman tsari daga Shaiɗan da yin shiru da zama. Mai tafiya a jirgi dama a zaune yake da ɗamara a ƙugunsa, saura harshe. Ya mayar da shi ga istigfari da salati, carbi ɗaya kafin ya ba da amsa. Sau da yawa kafin carbin ya zagayo amsar ta zama ba ta da amfani. Anas (RA) ya ga wani balaraben ƙauye ya fizgi mayafin Annabi (SAW) har gefensa ya yi shata a wuyansa mai daraja, yana neman a ba shi dukiya. Annabi (SAW) ya waiwayo ya yi dariya, ya sa aka ba shi. Duk mai da'awar soyayya yana da ma'auni a wannan ƙissa.

Ga mai harami abin ya fi tsanani, domin Suratul Baƙara ta hana jayayya a cikin aikin Hajji tare da batsa da fasiƙanci. Mutum ya sayar da shanu ko gona, ko ya yi shekaru yana tari, sannan ya buɗe ibadarsa da zagi a kan wurin ajiye jaka. Wannan ciniki ne na hasara.

Inda shiru ba ya halatta

Juriya tana kan haƙƙin mutum na kansa. Idan abin ya shafi rayuka ko mutuncin wani, shiru ya zama sakaci. Annabi (SAW) ya buga misali da mutanen da ke cikin jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda rabonsu don su ɗebi ruwa. In na sama suka ƙyale su kowa ya halaka, in suka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Wanda ya ga ana shan taba a makewayi, ko ana taɓa ƙofar gaggawa, ko waya ko batiri yana hayaƙi, ya sanar da ma'aikata nan take. Haka idan wani yana takura wa mace. Ita kanta tana da cikakken haƙƙin ɗaga murya da neman a canja mata wuri, kuma namijin da ya gani ya kau da kai bai yi haƙuri ba, ragwanci ya yi. Bin umurnin ɗaura ɗamara da zama har jirgi ya tsaya cak yana cikin kiyaye rai da cika alkawarin da mutum ya ɗauka ranar da ya sayi tikiti.

Mataki na uku: hidima

A wata tafiya mai zafi, wasu sahabbai suna azumi wasu ba sa yi. Da aka sauka masu azumi suka zube don gajiya, marasa azumi suka kafa tantuna suka shayar da dabbobi, sai Annabi (SAW) ya ba da labarin cewa su ne suka tafi da ladan wannan rana. Hidima ita ce gajeruwar hanyar ƴan ɗariƙa, kuma jirgi cike yake da ƙofofinta. Matashin da ya yi boko ya nuna wa tsoho kujerarsa, ya ɗaura masa ɗamara, ya ɗaga masa jaka, ya yi masa tafinta tsakaninsa da ma'aikaciyar da ke jin Faransanci ko Larabci kawai, ya cika masa takardar shiga ƙasa. Ya ba da kujerarsa don miji ya zauna kusa da matarsa ko ɗiya kusa da mahaifiyarta. Ya gode wa ma'aikatan da suka yi awowi a tsaye. Idan an sauka ya bar masu rauni da masu sauri su wuce, domin jakunkuna ba sa fitowa da wuri don mutum ya riga kowa tashi.

Hadisi ya lissafa addu'ar matafiyi cikin addu'o'in da ake amsawa. Bai kamata muridi ya kashe wannan dama wajen yi wa maƙwabcinsa mugun baki a zuci ba. Ya roƙa wa kansa da iyayensa da shehunansa da ƙasarsa, ya sa har da wanda ya takura masa, domin ta hannunsa ne Allah ya nuna masa abin da ya rage a nafsunsa. Wanda ya isa Makka ko Madina ko Fas babu haƙƙin kowa a wuyansa, ya isa da guzurin da ba a auna shi a sikelin filin jirgi.

Allah ya kai matafiya lafiya ya dawo da su lafiya, ya karɓi Hajjinsu da Umrarsu da ziyararsu, ya ƙawata ƴan'uwa da halayen Manzonsa a gida da tafiya, ya ba Nijar da sauran ƙasashen Musulmi zaman lafiya. Allah ya ƙara tsira da aminci ga Shugaba Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.